Ranar da Na Ƙwace Magani a Hannun Babanku

Abin da ya zaunar da ni rubutun nan, maganar da ta fito daga bakin Hauwa ce a wurin zaman makokin Baffanku Bala. Ina cikin ɗaki ina jan carbi, na ji ta a tsakar gida tana raɗa wa ƙanwarta wai ai shi ne ya so ya kashe Baba da magani a ƙasar Sin, Mama ta hana. Wallahi da ba gidan mutuwa ba ne, da na fito na nuna mata har yanzu hannuna yana ɗaguwa. Shekara da shekaru labarin nan yana yawo a dangi, kowa da irin gishirin da yake zuba masa. A ɓangaren Baffanku an ce ni na zage shi a gaban maza. A namu ɓangaren kuma, ashe an mayar da shi mai kisan kai. Duka biyun ƙarya ne. Ku bar jin ta bakin waɗanda ko filin jirgi ba su taɓa takawa ba, ku ji daga wadda aka yi abin da ita.

Kun san ni da tambaya. Tun ina yarinya Inna take kirana Me-ya-sa, don ba a taɓa aikena na tafi ban ji dalili ba. Babanku ya sha cewa da a ce tambaya haja ce, da ni kaɗai na cika kwantena. Wannan halin ne ya raba ni da Baffanku, don haka ku riƙe shi a ranku.

A shekarar da abin ya faru, na bi Babanku Guangzhou sayen kayan yara na Sallah. Da wuri muke zuwa, tun azumi da saura, don kaya su bar tashar ruwa ta Nansha su iso Kano kafin kasuwa ta buɗe. Baffanku ya riga ya daɗe a can, shi ke haɗa wa mutanenmu kaya yana loda musu. Ku da kuka taso kuka same su da furfura ba za ku gane matsayinsa ba. Babanku bai san mahaifinsu ba. Baffanku ne ya yi masa wanka, ya kai shi makaranta, ya ɗora shi a kan kasuwa, shi ya nema masa aurena. Ni kuwa tunda na shigo gidan ban taɓa ɗaga ido na kalli fuskarsa ba. In ya shigo na durƙusa na ce, "Yaya, sannu da zuwa," na ajiye abinci na bar wurin. Iyakar hirarmu ke nan.

Da safe ne, muna can saman bene a kasuwar Shahe, inda ba ka jin komai sai ƙarar salatif da ihun masu amalanke. Babanku yana ciniki da wata mai shago a kan wandunan yara, yana neman shuɗi tana ce masa "meyo, meyo," wato babu. Sai na ga ya dafa teburinta. Gumi ya wanke masa fuska, ya ce ji yake kamar an ɗora masa buhun shinkafa a ƙirji, hannunsa na hagu ya yi nauyi. Ni da iyayi na fara lissafin abin da ya ci jiya, ina cewa ko yajin nan nasu ne. Baffanku bai tsaya jin ta bakin kowa ba. Ya sunkuya ya goye shi. Mutum mai ciwon gwiwa, wanda ko sallah a kan kujera yake yi, ya sauko da ƙato a bayansa daga saman benen nan, yana kutsawa cikin damman kaya, yana daka wa mutane tsawa da Hausa suna darewa. Takalminsa ɗaya a can ya bar shi. Daga baya likita ta ce da an ƙara jinkiri, da labarin ya sha bamban. Hauwa, wannan shi ne mutumin da kika ce ya so ya kashe ubanki.

A asibiti aka shige da shi, aka bar mu a kan benci. Mai yi mana tafinta Hajiya Zainabu ce, mutuniyar Maradi mai sana'ar takalma, wadda ta iya yarensu kamar a can aka yanke mata cibiya. Da aka fito da shi, likitar, wata 'yar siririyar mace mai tabarau, ta kira mu ta nuna mana hoto a talabijin ɗin aikinta. Na ga jijiyar zuciyar Babanku ta tafi ta tafi, sai ta yanke kamar rafin da aka datse. A hoto na biyu kuma na ga ruwan ya wuce. Ta ce sun zura wata 'yar raga ta ƙarfe ta jijiyar hannunsa, sun buɗe wurin da ya toshe. Ta hannu fa! Na riƙe baki. Na ce Alhamdulillahi, an gama ke nan. Hajiya Zainabu ta faɗa mata, sai ta girgiza kai ta yi dogon bayani.

"Lokotoron ta ce ba a gama ba hwa, Hajiya," in ji Zainabu. "Ta ce saura kumburi."

Na je na ɗaga rigar Babanku na leƙa ƙirjinsa, na dawo.

"Ni ban ga abin da ya tashi ba. Ina kumburin yake?"

Daga nan ne makarantata ta fara. Kullum likitar ta shigo zagaye, ina tsaye a bakin gado da tambayata, Zainabu tana cewa, "Mi kuma za ki sa in tambaya yau? Za ki sa a kore mu!" Amma matar nan ba ta taɓa gajiya da ni ba. Ina jin ma daɗi take ji. Ta ce lokacin da jini ya yanke, wani yanki na naman zuciyar ya mutu. A gefensa kuma akwai wanda ya galabaita, bai mutu ba, bai kuma farfaɗo ba. Jiki da ya ji an yi ɓarna, sai ya turo ma'aikatansa na cikin jini su kwashe abin da ya mutu. Zuwansu da zafin aikinsu shi ne kumburin. Matsalar, in suka yi yawa ko suka daɗe, sai su haɗa da mai sauran rai su cinye. Daga nan zuciya ta saki, ta yi girma, ta rasa ƙarfin tura jini, mutum ya koma ko bene ɗaya ba ya iya hawa.

Sai na tuna gobarar da ta taɓa kama layinmu a kasuwa. Wutar shago biyu ta ci. Amma 'yan taimako da suka zo da bokitai da gatura, sai da suka fasa shagunan layin gaba ɗaya, suka jiƙa atamfar da wuta ko kusa da ita ba ta je ba. Na ce wa Zainabu ta faɗa mata haka. Likitar ta yi dariya har da tafa hannu, ta ce shi ke nan, na gane.

"To me ya sa ba za a kore su gaba ɗaya a huta ba?"

Ta ce in aka kore su, wa zai kwashe tokar? Kuma su ne ke kiran masu gini. In ba su gama aikinsu ba, raunin ba zai haɗe ba, bangon zuciyar ya yi laushi. Ana so ne a rage musu zafin kai, ba a sallame su ba. Ta nuna min ƙwayoyin da suke ba shi ɗaya bayan ɗaya: masu hana jini daskarewa a kan ragar, mai rage kitse da ta ce yana kwantar da jijiyoyi, mai sauke wa zuciya nauyin aiki, da wata 'yar mitsitsiya da ta ce tsohon magani ne, sun auna sun ga ta dace da shi. Na tambaye ta ina iyakar kumburin da ke gyara da wanda ke ɓarna. Sai ta buɗe hannuwa ta ce su ma ba su gama sani ba, har yanzu ana kan bincike. Ranar na ƙara yarda da ita. Ban taɓa jin mai magani ya ce bai sani ba sai a bakinta.

To ku saurara, nan ne gizo yake saƙar. Duk ɗan kasuwarmu da ke zuwa can, in ka zazzage aljihunsa za ka samu ƙwayar ciwon jiki. Daga Kano muke tahowa da ita, don in ka shiga kantin maganinsu ba ka iya karanta ko harafi ɗaya. Ka wuni kana hawa kana sauka a Shahe da Tianhe, ƙafa ta kumbura, baya ya riƙe, ka watsa biyu ka kora da shayi, gobe ka tashi garau. Mu a wurinmu ita ce maganin kumburi, babu na biyunta. Ni ma tana cikin jakata. Don neman a yaba min, na zaro katin ƙwayar na miƙa wa likitar, na ce ga namu nan, a ƙara masa da shi abin ya yi sauri.

Ta juya katin ta karanta bayansa, sai fara'arta ta ɗauke.

"Bu, bu, bu!" Ta ɗaga min yatsa.

Ban nemi tafinta a kan wannan ba. Amma sai da na ji dalili. Ta ce wannan ba ruwanta da wane ne mai ɓarna, wane ne mai gini, tana iya hana raunin haɗewa. Tana tara ruwa a jiki, ta ɗaga hawan jini, ta ƙara wa zuciyar da ke jinya kaya. In kuma ta haɗu da masu tsinka jinin da yake sha, ciki na iya ɓallewa da zubar jini. Ta ce ko ciwon kai ya yi, kada a ba shi komai sai an tambaye ta. Na mayar da katina jaka jikina a sanyaye. Da Babanku ya farka na gaya masa, ya ce "to" cikin magagin barci. Baffanku kuwa ban gaya masa ba. Ta ina zan fara? Ni da ban taɓa haɗa jimla uku da shi ba.

Sai 'yan dubiya suka fara zuwa. Kun san mutanenmu, ba a zuwa dubiya hannu rabbana, kuma kowa likita ne. Ma'aikatan asibitin suna hana taro, su kuma suna shigowa bibbiyu kamar masu shiga gaisuwar sarki. Wannan ya kawo zuma, wancan habbatussauda, wani garin tafarnuwa, wani Bazabarme ya zo da saiwar da ya ce kakarsa ta sha ta shekara ɗari. Duk na karɓa da hannu biyu na yi godiya, na zuba a jaka, don karɓa ba sha ba ce. Washegari na baje wa likitar su a kan gado, tana shinshinawa tana tambayata, ni ma ina tambayarta.

Na Baffanku ne ya bambanta. Shi ba ya ba da magani a ajiye. Tun Babanku yana yaro, a tafin hannu yake sa masa, ya tsaya a kansa sai ya ga maƙogwaro ya motsa. Wata rana bayan la'asar ya shigo da manyan 'yan kasuwa biyu, abokansa. Na durƙusa na gaishe su, na koma gefen taga. Ya zauna a bakin gado yana dafe da gwiwar nan da goyon ya ƙara lalatawa, ya sa hannu a aljihu. Tun kafin ya fito da shi na ji ƙarar katin, na gane ƙwayar nan ce.

"Mudi, an ce min kumburi ne ya rage," in ji shi. "To in dai kumburi ne, an zo gidan sauƙi. Ka ga gwiwar nan? Ba don wannan ba da ban taka ba. Biyu da safe, biyu da yamma, ni zan riƙa kawo maka da kaina. Buɗe hannunka."

Babanku ya saci kallona. Na san ya tuna. Amma mutumin da ya goye shi ne yake cewa buɗe hannunka, ga baƙi suna kallo. Ya buɗe. Baffanku ya ɓallo biyu ya sa masa, ya tsiyaya ruwa a kofi. Na duba ƙofa, babu likita, babu Zainabu. Na ce a raina bari in yi tari, ko in kifar da kofin kamar kuskure. Kafin in gama shawara hannun Babanku ya kama hanyar baki.

Ban san lokacin da na tsallaka ɗakin ba. Na kama wuyan hannunsa, na kwashe ƙwayoyin, na dunƙule su a nawa.

"Yaya, a yi haƙuri. Ba zai sha ba."

Ɗaya daga cikin baƙin ya ce, "Subhanallahi." A ranar na fara ganin idon Baffanku sosai, ashe irin na Babanku ne.

"Rabi, da wa kike?"

"Likita ta ce wannan yana iya yi masa illa. Kumburin nan ba irin na gwiwa ba ne, Yaya, akwai wanda jiki yake..."

"Ni zan ba Mudi abin da zai cuce shi?" Muryarsa ko tashi ba ta yi ba. "Ni?"

Da ya zage ni da ya fi min sauƙi. Ya miƙe da kyar, ya ajiye kofin a hankali, ya ce wa ƙaninsa Allah ya ƙara sauƙi, ya fita, baƙin suka bi shi. Ƙwayoyin suka narke a tafina don gumi. Babanku ya ɗaga ido ya kalli silin.

"Da kin bari na sha biyun nan kawai," ya ce.

"Gobe fa, Alhaji? Da jibi? Ka ji ya ce safe da yamma."

Ya juya fuskarsa bango, na ga kafaɗarsa tana motsi. Ni ma na yi kukana a makewayi, don na san abin da na fasa.

Ban ce muku ƙwaya biyu za su kashe shi ba. Na tambayi likitar, ta ce mai yiwuwa da ba abin da zai faru, mai yiwuwa kuma ya faru, ba wanda zai iya rantsuwa. Allah ne masani. Amma da za a mayar da ni ɗakin nan yau, sai na sake ƙwacewa.

Baffanku bai fasa komai na ɗawainiya ba. Shi ya ƙarasa sayayyarmu, ya loda kayan, ya yi ta zirga-zirgar ƙara mana kwanakin biza. Kullum yana zuwa asibiti, amma in ya shigo sai ya kalli inda nake kamar kujera ce. Na roƙi Zainabu ta je ta yi masa bayanin likita tiryan-tiryan. Ta dawo ta ce ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce shi ba maganin ne ya dame shi ba. Na yi tuwon shinkafa da miyar kuka a masaukinta na aika masa, aka dawo min da kwanon ko buɗe shi ba a yi ba. Wannan kwanon ya fi komai ci min rai.

Kafin mu taho aka sake duba zuciyar da na'urar da ake shafa wa wani mai mai sanyi a ɗora a ƙirji. Na matsa har sai da aka juyo min da talabijin ɗin. Ikon Allah! Ga ta nan tana buɗewa tana rufewa, tana wani sauti kamar ana wanki a kwarya. Likitar ta nuna min wani ɗan yanki da ba ya motsi, ta ce wannan ya tafi, ya zama tabo, ba zai dawo ba. Sannan ta zagaya da yatsa a gefensa, inda a da yake kwance, na ga yana aiki tare da 'yan'uwansa. Na tambaye ta wanne ne ya cece shi a cikin duk abin da aka yi. Ta ce na farko dai wanda ya kawo shi da wuri. Na ce wa Zainabu wannan ma ta kai wa Yaya. Ban sani ba ko ta kai.

Muka dawo Kano. Sauran kun gani da idonku, ba ku dai san tushensa ba. Baffanku in ya shigo Kano yakan zo ya tsaya a ƙofar gida, Babanku ya fita su yi hira a kan tabarma. Bikin Hauwa a waje ya tsaya, sunan ɗanta na fari ma haka. Duk Sallah ina aika abinci, duk Sallah yana dawowa. Babanku yana tsakiya, bai taɓa cewa na yi laifi ba, bai kuma taɓa cewa Yayansa ya yi ba. Ya dai ci gaba da hawa benen shagonsa da ƙafarsa, ya aurar da ku duka, ga shi nan har yau yana damuna da rediyo.

Bayan Baffanku ya bar ƙasar Sin ya dawo gida gaba ɗaya, jiki ya fara taɓa shi. Wata ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ina tsakar gida ina tsince shinkafa, na ji sallama a kaina. Muryar da ta yi shekaru ba ta wuce soro ba. Na rasa inda zan sa kaina, na jawo kujera na durƙusa. Ya zauna, ya rame, ƙafafunsa sun kumbura. Babanku yana bayansa yana yi min alama da ido in yi shiru, kamar ni ce zan ɓata.

Baffanku ya zazzage wata baƙar leda a kan tabarma. Magunguna ne, na asibiti da na kemis, a cakuɗe.

"Ke mai tambaya," ya ce, bai kalle ni ba. "An ce ƙodata ta gaji. Kowa ya zo da abin da yake ba ni. Duba min nan."

"Yaya, ni ba likita ba ce. Gobe dai mu kwashe su duka mu kai wa likitanka, ni zan yi tambayar."

"Na sani ai za ki yi."

Na tattara su ina mayarwa cikin ledar, sai na lura hannunsa na dama a dunƙule yake a kan gwiwa. Na ga gefen katin ya leƙo ta tsakanin yatsunsa, na kuwa gane shi.

"Wannan kam na san shi, Yaya."

Ya daɗe yana kallon hannun. Sannan ya miƙo shi, ya buɗe min tafin da kansa. Na ɗauka.

"Rabi," ya ce, "akwai sauran tuwo a gidan nan?"

Akwai. Na tashi na ɗumama miya, ban sa gishiri da yawa ba. Ya cinye tas, Babanku yana gefe yana share ido da hannun riga.